Lambar agana: yadda aka kewaye cutar gida-gida, da abin da aikin ya bar mana a Maradi

Rakiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Maradi. Yau hirarmu a kan agana ce, da aikin lamba da aka yi har aka ga bayanta. Tare da ni akwai Majo Issufu da Hajiya Mariyama. Baba Majo, Hajiya, barkanku da zuwa.

Majo: Barka kadai, Rakiya.

Hajiya: Barkanmu dai, 'yata.

Rakiya: Baba Majo, yawancin masu sauraronmu ba su taɓa ganin mai agana ba. Sai dai tabon nan mai kamar kwabo a dantsen kakanninsu, ko wani dattijo mai zanzana a fuska. Wace irin cuta ce?

Majo: Kuma ba za su gani ba, in sha Allahu, don tun ranar 8 ga Mayun 1980 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya bayyana cewa ta ƙare a duniya. Ƙwayar cutar sunanta variola. Mai tsananinta tana kashe kusan mutum 3 cikin 10 da ta kama. Waɗanda suka tashi, da yawa da zanzana suke tashi, wasu kuma da makanta. Idan ta shiga jiki takan yi kwana 10 zuwa 14 shiru, mutum yana harkarsa, kuma a wannan lokacin ba ya sa wa kowa. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, da ciwon baya mai kwantar da ƙato. Bayan kwana 2 zuwa 4 sai ƙuraje su fara daga cikin baki, su fito fuska, su bi hannuwa da ƙafafu.

Rakiya: Ba haka ƙarambau ma take yi ba?

Majo: Nan ne ma'aikaci ke nuna ya san aikinsa. Ƙarambau ta fi yawa a ƙirji da ciki da baya, kuma za ki ga ƙurajen ba sa'a ɗaya ba ne: wani yana fitowa, wani ya yi ruwa, wani ya bushe, duk a jiki ɗaya. Ita agana ta fi yawa a fuska da hannu da ƙafa, har tafin hannu da tafin ƙafa, kuma ƙurajen wuri ɗaya tare suke tafiya. In ruwa ne duka ruwa, in mugunya ce duka mugunya. In kika taɓa za ki ji su da tauri, kamar an binne tsakuwa cikin fata.

Hajiya: A riƙe abin da Majo ya faɗa, cewa kafin ciwon ya bayyana mutum ba ya yaɗa ta. Duk dabarar da za mu tattauna a kan wannan ta tsaya. Lokacin da mai agana ya fara zama haɗari ga jama'a, ciwon ya riga ya kwantar da shi a ɗaki. Shi ya sa waɗanda take kamawa galibi masu jinya ne, da 'yan gida ɗaya, da masu zuwa dubiya. Kuma ba ta da maɓoya a dabba ko a ƙasa. Daga mutum sai mutum.

Rakiya: To ita lambar, yaushe ta iso mu?

Majo: Asalinta tsohuwa ce. Wani likitan Ingila, Edward Jenner, shi ya nuna a 1796 cewa ƙurajen da ake samu a hantsar saniya suna kare mutum daga agana. Amma kusan shekara 170 bayan haka agana tana nan daram a ƙasashenmu. Dalili, ruwan lambar da ake kawowa zafi yana kashe shi cikin 'yan kwanaki. Ki ɗauki hanyar Maradi zuwa Dakoro cikin watan Afrilu, a wancan zamanin da babu kwalta. Kafin a isa, abin da ke cikin kwalba ya zama ruwan banza. A tsaga wa mutum fata, a shafa, ya tafi yana ganin ya tsira, alhali babu abin da ya shiga jikinsa.

Hajiya: Kuma wannan ya fi rashin lambar muni, don yana kashe yarda. Wanda aka yi wa lamba bara, bana agana ta kama ɗansa da aka yi musu tare, me za ki faɗa masa ya sake miƙo hannu?

Majo: Abin da ya gyara lamarin shi ne busasshen maganin lamba. A shekarun 1950 wani masani a Ingila, Leslie Collier, ya kyautata hanyar daskarar da shi a busar ya koma gari. Sharaɗin OMS shi ne ya jure zafin digiri 37 har mako 4 bai lalace ba. Sai an isa gari ake zuba masa ruwansa a kaɗa. Amma da zarar an kaɗa, na ranar ne. A ajiye kwalbar a inuwa, abin da ya rage da yamma a zubar.

Rakiya: Sai kuma babban gangamin 1967.

Majo: Ƙwarai. A shekarar OMS ta ƙarfafa yaƙin a duniya, ƙarƙashin Dakta Donald Henderson. An kiyasta mutum miliyan 10 zuwa 15 ke kamuwa a shekara a ƙasashe 31, wajen miliyan 2 suna mutuwa. A yankinmu na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, shiri ɗaya ya haɗa ƙasashe 20, har da Nijar da Najeriya, da tallafin Amurka ta hannun cibiyarta ta yaƙi da cututtuka, CDC, da hukumarta ta ba da agaji, USAID. An haɗa abu biyu: lambar agana ga kowa da kowa, allurar ƙyanda ga ƙananan yara daga wata 6. Haɗin ya yi amfani sosai, don uwaye sun san ɓarnar da ƙyanda ke yi wa yara, ita ce ma ta fi damun gwamnatocin yankin. Uwa ta kawo ɗanta don ƙyanda, ita ma a yi mata ta agana.

Rakiya: Tsofaffi suna maganar wata bindiga.

Majo: Ped-O-Jet ke nan. Ba ta da allura, ba ta son lantarki. Ma'aikaci yana taka feda da ƙafa, ƙarfin ya taru, ya ɗora bakinta a dantse ya danna, maganin ya ratsa fata da ƙarfin matsi. Na agana kashi 1 cikin 10 na mililita ne, cikin fatar kanta, har a ga ɗan kumburi. In layi yana tafiya daidai, tana iya yi wa mutum 1,000 cikin awa ɗaya. Matsalarta biyu. Na farko, inji ce mai robobi da ƙananan sassa, ƙurarmu kuma ba ta barin komai. In ba a kwance ta an wanke an tafasa kullum ba, sai ta fara yoyo, maganin ya kwarara a kan fata. Na biyu, sai an tara mata jama'a. Ba a ɗaukar ta a bi gida-gida don mutum 6.

Hajiya: Tara jama'ar nan shi ne rabin aikin, kuma ba likita ke yin sa ba. Kwana 2 ko 3 kafin tawaga ta iso, wani zai riga ta zuwa wurin sarki ko hakimi, daga nan zuwa mai gari. A tsaida rana tare da su, a kauce wa ranar biki da lokacin da mutane ke gona. Mai shela ya kewaya da dare, ya sake kewayawa da asuba. Liman ya faɗa bayan salla. Ranar aiki, mai gari ya fara miƙa nasa dantsen a bainar jama'a, sannan iyalinsa. A ja igiya a yi hanya ɗaya, shiga ta nan fita ta can, mai ƙidaya yana zaune a bakin fita. Amma akwai waɗanda layin dandali ba ya samu ko an yi shela sau goma.

Rakiya: Su wa ke nan, Hajiya?

Hajiya: Matan kulle. Mai jego da ba ta yi arba'in ba, da jaririnta. Tsoho da ba ya iya tafiya. Almajirai da suka fita bara. Fatake da 'yan cirani da ke kan hanya. Makiyaya, Fulani da Buzaye, da suka yi arewa da dabbobi wajen Bermo. Sai a rubuta cewa an yi wa kashi 80 cikin 100, hukuma ta yi murna, amma wannan kashi 20 ɗin da ya rage ba a warwatse yake ba. A dunƙule yake, gida ɗaya, zango ɗaya, makaranta ɗaya. Agana kuma wurinsu take nufa.

Majo: Shi ya sa abin da ya faru a Ogoja, gabashin Najeriya, cikin Disambar 1966 ya zama babban darasi. Wani likita Ba'amurke, William Foege, ya samu labarin agana ta ɓulla, maganin da ke hannunsa kuma ba zai isa kowa ba. Sai ya yi amfani da rediyon 'yan mishan, ya roƙi a aika masu gudu ƙauye-ƙauye su gano inda marasa lafiya suke. Ya yi lamba a garuruwan da cutar take, sannan ya tambayi mutanen wurin: in ɗan garin nan zai fita, ina yake zuwa? Aka nuna masa kasuwanni da garuruwan dangi. Can ya kai sauran maganin. Cutar ta tsaya ba a yi wa ko rabin jama'ar yankin ba.

Rakiya: Wato a kewaye wutar, ba sai an jiƙa dajin duka ba.

Majo: Haka manomi yake yi wa gobarar daji, ya share layi a gabanta. Kuma an gane cewa agana tana da lokaci. Da rani take tashi, lokacin da iska ta bushe kuma mutane ke yawan tafiye-tafiye. Da damina sai ta ragu ƙwarai. A 1968 aka ce to, a auka mata a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, lokacin da sarƙoƙin yaɗuwarta ba su da yawa, a tsinke su ɗaya-ɗaya kafin rani. A watan Mayun 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a duk ƙasashen 20, a Najeriya. Cikin shekara 3 da rabi an yi wa mutum fiye da miliyan 100 lamba.

Rakiya: Ina so mu bi kewayen nan daki-daki. A ce labari ya zo yau daga wani ƙauye a ƙasar Madarunfa cewa yaro ya fito da ƙuraje. Me tawaga za ta yi?

Majo: Yau ɗin za ta tashi, ba gobe ba. Dalili, lamba ta fi cutar sauri. In aka yi wa wanda ya shaƙi cutar lamba cikin kwana 3 zuwa 4, tana iya hana ta fitowa sam, ko ta sa ta zo da sauƙi. Bayan mako ɗaya amfanin ya ragu sosai. Da isa, a gai da mai gari, a duba maras lafiya a tabbatar agana ce. A killace shi a ɗakinsa, mai jinya ɗaya, wadda ta taɓa yin agana ko mai tabon lamba, ita ma a sabunta mata. A yi wa duk 'yan gidan lamba nan take, har jaririn da aka haifa jiya.

Hajiya: Sannan a zauna a yi tambayoyi biyu, kuma a yi su da haƙuri. Ta farko ta baya ce: mako 2 kafin zazzaɓin nan ina yaron ya je, wa ya zo gidan nan da ciwo? Wannan ke kai ku inda cutar ta fito, kuma sau da yawa can za a tarar da wani gari da ke fama ba wanda ya kai rahoto. Ta biyu ta gaba ce: tun da ƙuraje suka fito wa ya shigo ɗakin nan? Gwaggo da ta zo dubiya daga Tibiri ta koma. Kawu da ya kwana biyu ya wuce Jibiya. Wanzamin da aka kira. Kowa a rubuta sunansa da garinsa, a bi shi.

Rakiya: Har ƙetaren iyaka?

Hajiya: Cuta ba ta tsayawa a Ɗan Isa ta nuna takarda. Maradi da Katsina dangi ɗaya ne, aure ɗaya, kasuwa ɗaya. In ba a sanar da ma'aikatan can ba, bayan mako 3 za ta dawo ta hanyar da ta fita. Amfanin haɗa ƙasashe 20 a shiri ɗaya ke nan.

Majo: Bayan 'yan gida da masu dubiya, sai maƙwabta, sai garin duka. A koma da dare a sake bi, don wanda ke gona ko kasuwa da rana yana gida da dare. Maras lafiya ba ya fita sai ɓawon ƙarshe ya faɗi, wajen mako 3 zuwa 4. Tufafinsa da shimfiɗarsa a tafasa, tabarma a ƙone. A Indiya da Bangaladash daga baya har masu gadi aka riƙa sawa a ƙofar gida dare da rana, duk mai shiga sai an yi masa lamba, kuma ba a cire gari daga lissafi sai an yi mako 6 babu sabon kamu.

Hajiya: Akwai abin da ake mantawa. Gidan da aka killace, wa zai ciyar da su? In mai gida ba zai fita nema ba, dole a kawo hatsi da ruwa da itace. In ba a yi haka ba, ba taurin kai ne zai fitar da shi ba, yunwa ce. Kuma maƙwabcin da ya ga yadda aka bar su, ranar da nasa ɗan ya kwanta zai rufe ƙofa ya yi shiru.

Rakiya: Wannan ɓoyon, Hajiya, me ke kawo shi?

Hajiya: Tsoro, kuma tsoro mai dalili. A wurare da dama tsohon salon hukuma shi ne tara, ko a ɗauke maras lafiya a kai shi bukka bayan gari, ko a ƙone ɗaki. Wa zai kai rahoton kansa ga wannan? Shi ya sa a 1967 abin da ke isa ga OMS bai wuce kusan 1 cikin 100 na masu kamuwa ba. Da aka sauya salo, sai aka daina jiran rahoto a ofis. A ɗauki kati mai hoton yaro da agana, a shiga makaranta a nuna wa yara, don yaro ya san gidan da ake ciwo a unguwarsu kuma zai faɗa. A shiga kasuwa. Kasuwar Maradi ta Litinin da Juma'a tana tara mutanen ƙauyuka masu yawa, ma'aikaci biyu da kati za su ji labarin garuruwan da mota ba za ta kewaye cikin mako ɗaya ba. Da ɗan gari akan ci gari. A ƙarshen yaƙin, a Indiya da Somaliya, har lada aka riƙa ba wanda ya fara kawo labari.

Rakiya: Baba Majo, ka ce bindiga ba ta bin gida-gida. Da me aka yi wannan aikin?

Majo: Da allura mai baki biyu. Wani ɗan ƙarfe ne siriri, ƙarshensa a rabe kamar ƙaramin cokali mai yatsu biyu. Benjamin Rubin na kamfanin Wyeth ya ƙirƙiro ta, OMS ta rungume ta a 1968. In aka tsoma ta cikin kwalba, ɗigo ɗaya yana maƙalewa tsakanin bakin biyu, kuma wannan ɗigon ya isa mutum ɗaya. Kwalbar da a da take isar mutum 25 sai ta isa 100. Yadda ake yi: ka riƙe dantsen ta ƙasa ka ja fatar ta miƙe. Ka kafa wuyan hannunka a jikin dantsen don kada hannu ya yi rawa. Allurar a tsaye, ba a karkace ba. Ka soka sau 15 da sauri, a wuri ɗaya da bai wuce faɗin milimita 5 ba. Ka jira daƙiƙa 15 zuwa 20. In ɗan jini ya tsattsafo, ta shiga. In babu, hannunka ya yi sanyi, ka sake.

Rakiya: Ba a goge wurin da alkol?

Majo: A'a, kuma kuskuren da wanda ya saba allura ya fi yi ke nan. Maganin lamba ƙwaya ce mai rai, alkol yana kashe ta. In dantsen ya yi datti, ruwa kawai, a bari ya bushe. Kowane mutum da allurarsa. Waɗanda aka yi aiki da su a tara, a tafasa minti 20. In wuta aka gasa ta, sai ta huce sarai kafin a tsoma, in ba haka ba zafinta zai kashe maganin. Kuma allurar da ta taɓa fata ba ta komawa cikin kwalba. Kyawunta, mutumin gari da bai taɓa aikin likita ba zai iya koyon ta cikin ƙasa da awa ɗaya.

Hajiya: Daga nan aiki ya koma hannun uwa, kuma dole a faɗa mata abin da za ta gani tun kafin ta gani. Kwana 3 zuwa 4, ɗan ƙurji ja mai ƙaiƙayi. Kafin mako ya cika ya yi ruwa, sannan mugunya. Wajen kwana 8 zuwa 10 wurin ya kumbura, yaro ya yi zazzaɓi, kaluluwa ta fito a hammata. Mako 2 ya yi ɓawo, mako 3 ɓawon ya faɗi ya bar tabo. In ba a yi mata bayani ba, ranar ta 9 za ta ce an sa wa ɗanta ciwo, ta faɗa wa duk matan da ke bakin rijiya. In an yi mata, za ta ce lamba ta kama.

Rakiya: Me ba a so ta yi?

Hajiya: Kada ta goge wurin bayan an yi, kada ta shafa toka ko lemun tsami ko wani magani. Kada ta fasa ƙurjin. A yanke wa yaro farce, a rufe wurin da tsumma mai tsabta sako-sako, don in ya sosa ya kai hannu ido, ƙurjin zai iya fitowa a idon. Mai ciwon fata mai tsanani kada ya taɓa wurin.

Majo: Mu kuma ma'aikata, ba a yarda da adadin da tawaga ta rubuta. Bayan mako ɗaya wata tawaga daban take bi, ta zaɓi gidaje ta duba dantse. Abu biyu take nema: mutum nawa aka samu, kuma cikin waɗanda aka yi wa karo na farko nawa ta kama. In kamun bai kai 95 cikin 100 ba, ko maganin ya mutu ko hannun mai yi ne, a koma a sake garin. Tabon ya zama takardar da ba ta ɓata.

Rakiya: Na ji ana cewa tun kafin zuwan Turawa akwai masu yin wata irin lamba ta gargajiya.

Majo: Akwai, a sassa da dama na Afirka ta Yamma da Asiya. A ɗebi mugunya ko ɓawon mai agana a tsaga fatar mai lafiya a shafa. Masu yi ba jahilai ba ne, sun lura cewa wanda ya yi ta sau ɗaya ba ya sakewa, kuma wadda aka shigar ta fata ta fi sauƙi. Mutum 1 ko 2 cikin 100 ke mutuwa, maimakon 20 ko 30. Amma agana ce ta gaske aka sa masa, yana iya sa wa wasu, su kuma ta zo musu da cikakken ƙarfinta. A Habasha da Afganistan wannan ya ja wa aikin tsawo. Hanyar da ta yi amfani ita ce a zauna da masu yin, a ba su maganin lamba na gaskiya su bar wancan.

Hajiya: Har yau wannan hanyar ce ke aiki. Wanzami da ungozoma sun riga kowane ma'aikaci shiga ɗakin mai jego. In suna tare da ku, ƙofa a buɗe take.

Rakiya: Ina aka ga ta ƙarshe a duniya?

Majo: Mai tsananin, a jikin wata yarinya, Rahima Banu, a Bangaladash, Oktoban 1975, kuma ta rayu. Na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Merka a Somaliya, 26 ga Oktoban 1977. Shi ma ya warke, daga baya ya yi aikin rigakafin shan inna. Ba a yi shela nan take ba, sai da aka jira shekara 2 ana bincike. A ƙasashe irin namu an riƙa duba fuskokin yara: in babu mai zanzana cikin waɗanda aka haifa bayan kamu na ƙarshe, to da gaske ta tafi. Wajen 1980 aka daina lambar. Saboda haka matashin da ke da tabo a hannu yau, na BCG ne, rigakafin tarin fuka.

Rakiya: To yau da babu agana, wannan dabarar ta kewaye tana aiki ga ƙyanda?

Majo: Ba yadda ta yi wa agana ba, kuma yana da kyau a fahimci dalili. Mai ƙyanda yana yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, yana tari yana wasa cikin yara. Mutum ɗaya yana iya sa wa 12 zuwa 18 cikin waɗanda ba su da kariya. Kafin ki ji labari ta tsallake layin. Ita sai an riga ta: allura a wata 9, ta biyu a cikin shekara ta biyu, kuma sai kusan yara 95 cikin 100 sun samu. Maganinta ma ba ya jure zafi. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi, a firji ko a akwatin sanyi mai ƙanƙara, in an kaɗa kuma awa 6 ne a zubar. Inda kewaye ya sake aiki shi ne Ebola, a Gini a 2015. Sai ƙyandar biri, wadda 'yar'uwar agana ce, har lambar agana tana ba da kariya daga gare ta. Alamar da ta fi bambanta ta ita ce kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi tare da ƙurajen.

Hajiya: Amma sashen neman labari bai tsufa ba ko kaɗan. Mun ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, yadda cutar ta bazu zuwa ƙasashe maƙwabta har da Nijar, kuma sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba kafin a kai ga shelar 25 ga Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da shan inna na daji. Waɗanda layi ke tsallakewa a 1967 su ne yake tsallakewa yau. Mace ke shiga gidan kulle, saboda haka tawagar da babu mace a cikinta ta bar rabin unguwa. Makiyayi a same shi a bakin rijiya da sassafe ko a kasuwar dabbobi, ta hannun arɗo. Almajirai ta hannun malaminsu, da safe kafin su watse.

Rakiya: Uwar da ke sauraronmu yanzu, ta ga ɗanta da zazzaɓi da ƙuraje, me za ta yi?

Hajiya: Ta raba shi da sauran yara, ta hana dubiya, ta ci gaba da ba shi nono da ruwa da abinci. Ta kai shi likita mafi kusa a ranar, ta faɗa tun daga ƙofa cewa ƙuraje ne don kada a zaunar da shi cikin jarirai. Ta tafi da katin rigakafinsa da na 'yan'uwansa. In akwai wani yaron a maƙwabta mai irin wannan ciwo, ta faɗa wa ma'aikaci.

Majo: Don ita ma allurar ƙyanda, in aka yi wa yaron da ya zauna da mai ciwo cikin awa 72, tana iya kare shi. Kwana 3 ke nan daga ranar da suka haɗu, ba daga ranar da aka je likita ba.

Rakiya: Mun gode, Baba Majo. Mun gode, Hajiya. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Hajiya: Allah ya kai mu lafiya.

Majo: Amin.